Zino nawa ne a tarihin Girkawa, kuma me ya sa takwarori suka yi musu yawa haka?

Tambayar da wani ɗalibi ya aiko ita ce: "Malam, na karanta a wani littafi cewa Zino ya girmi Sukurat, kuma shi ne ya ce kibiyar da aka harba ba ta motsi. A wani littafin kuma na ga an ce Zino ne ya kafa makarantar Sitowa a Atina bayan mutuwar Iskandar. Mutum ɗaya ne ya yi wannan tsawon rai, ko ɗaya daga cikin littattafan ne ya yi kuskure?"

Ɗan'uwa, babu littafin da ya yi kuskure. Mutum biyu ne, takwarorin juna, kuma ko ganin juna ba su taɓa yi ba. Na farkon ya rasu wajen shekara ta 430 kafin Miladiyya, na biyun an haife shi wajen 334, ka ga kusan shekara ɗari ke nan tsakanin kabarin wancan da zanen goyon wannan. Littattafan Turawa suna rubuta sunan Zeno, ga duk su biyun. Daga nan zan riƙa sa K.M. a madadin "kafin Miladiyya", don kada maimaici ya gajiyar da mu.

Mai maganar kibiya shi ne Zino na Eliya. Eliya gari ne da Girkawa suka kafa a kudancin Italiya, kangonsa yana nan har yau ana ce masa Veliya. Almajirin Farmanidis ne, malamin da ya ce abin da yake akwai ɗaya ne tak, ba ya sauyawa, ba ya motsi, kuma duk sauyin da muke gani ido ne yake yaudararmu. Mutane suka yi ta yi wa malamin dariya, sai almajirin ya ɗaura ɗamarar rama masa. Dabararsa ita ce ya karɓi abin da abokin gardama ya yarda da shi, ya bi shi daki-daki har ya kai shi inda zai zama abin dariya fiye da na malaminsa. Ka ce akwai motsi? To, a sa tsere tsakanin Akilis, jarumin da ya fi kowa gudu, da kunkuru. A ba kunkuru ratar taku 100, a ce Akilis ya ninka shi gudu sau goma. Kafin ya cinye taku 100 ɗin, kunkuru ya ƙara 10. Kafin ya cinye 10, kunkuru ya ƙara 1. Haka za a yi ta tafiya, kullum akwai ɗan saura, to yaushe zai cim masa? Mai lissafi a yau zai ce maka a taku 111 da ɗaya bisa tara, amma sai da aka yi ƙarnoni masu yawa kafin a samu tsayayyen bayanin yadda gutsattsari marasa iyaka suke haɗuwa su ba da adadi mai iyaka. Yana da wata ta gero ma, wadda ta fi burge ni: ƙwaya ɗaya in ta faɗi ƙasa ba a jin ƙararta, amma in aka zazzage mudu guda ana ji, to daga ina ƙarar ta fito, tunda mudun ba komai ba ne illa tarin ƙwayoyin da ba su da ƙara? Aflatun ya kawo shi a ɗaya daga cikin tattaunawoyinsa yana ɗan kusan shekara 40, ya zo Atina da malaminsa mai shekara wajen 65, Sukurat kuwa a lokacin saurayi ne matashi. Shi ya sa littafinka na farko ya ce ya girmi Sukurat.

Na biyun shi ne Zino na Kitiyon, ɗan Manasiyas. Kitiyon tana tsibirin Kubrus, inda birnin Larnaka yake a yau, kuma jinin Finikiyawa ne a jikinsa. Labarin da magabata suka bayar shi ne ɗan kasuwa ne mai safarar rinin shunayya, jirginsa ya nutse kusa da Atina, ya shigo gari ya zauna a shagon wani mai sayar da littattafai. Ya ji ana karanta abin da Zinofon ya rubuta game da Sukurat, ya tambayi mai shago inda ake samun irin waɗannan mutane. Daidai lokacin wani masanin falsafa mai suna Kiratis yana wucewa, mai shago ya nuna shi ya ce ya bi wancan. Kiratis ya lura sabon almajirin nasa yana da yawan kunya, sai ya ɗora masa tukunyar faten wake ya ce ya ratsa unguwar maginan tukwane da ita. Zino yana ta ɓoye tukunya a cikin mayafi, Kiratis ya kai mata sanda ta fashe, fate ya bi ƙafafunsa, ya ruga a guje, malamin yana kiransa ɗan Bafinike yana tambayarsa abin da yake gudu. Wajen shekara ta 300 K.M. ya fara koyarwa a wani shirayi mai zane-zane a bakin kasuwar Atina. Sitowa a harshensu shirayi ke nan mai ginshiƙai, don haka in an ce 'yan Sitowa, 'yan shirayi ake nufi. Karatunsa bai shafi kunkuru ko kibiya ba. Abin da ya dame shi shi ne yadda mutum zai rayu daidai da hankali da ɗabi'a, ya san cewa nagarta kaɗai ce alheri na gaskiya, dukiya da lafiya da suna kuwa suna zuwa suna tafiya. Ya rasu wajen 262 K.M.

Akwai wani ɗan labari a kansa da ya shafi tambayarka kai tsaye. An ce ya ba da gudummawa wajen gyaran wani gidan wanka, aka sassaƙa sunayen masu bayarwa a jikin ginshiƙi, aka rubuta "Zino masanin falsafa". Sai ya nemi a ƙara "na Kitiyon". Waɗanda suka kawo labarin son garinsa suke son nunawa, amma ni kullum in na karanta sai in ga kamar ya taimaki ɗalibai irinka ne tun daga nesa.

Ba su biyu kaɗai ba ne kuma. Akwai Zino na Tarsus, wanda ya gaji shugabancin ita wannan makarantar ta Sitowa wajen 206 K.M. Akwai Zino na Sidon, shugaban makarantar da ke hamayya da su, ta mabiya Afikuras, wanda Sisaro ɗan Roma ya zauna a darasinsa a Atina wajen 79 K.M., mutum mai kaifin baki da yake kiran Sukurat wawan Atina. Akwai Zino na Kaunos, wanda ba masanin falsafa ba ne ko kaɗan, magatakarda ne kuma mai kula da gandun wani babban jami'in kuɗi na sarkin Masar a ƙarni na 3 K.M., amma ya yi suna a wurin masana saboda an tono takardunsa na fafirus masu ɗimbin yawa a yankin Fayyum, wasiƙu da lissafin hatsi da koke-koken ma'aikata. Can baya kuma akwai Zino sarkin Rumawan gabas, wanda ya yi mulki daga 474 zuwa 491 Miladiyya, shi ma ba sunansa na yanka ba ne, ɗauka ya yi.

In kana son ka ga yadda abin yake ɗaure kai, bi salsalar malaman Sitowa. Diyojinis na Sinof, wanda ake wa laƙabi da Kare, mai kwana a cikin ƙatuwar randa, shi ake cewa ya koyar da Kiratis. Kiratis ya koyar da Zino na Kitiyon. Daga Zino sai Kiliyantis, sai Kirisifus, sai Zino na Tarsus, sai Diyojinis na Babila, wanda Atinawa suka tura Roma cikin tawagar masana uku a 155 K.M. Salsala ta fara da Diyojinis da Zino, ta zo ta sake faɗawa kan Zino da Diyojinis. Wanda kuma ya rubuta mana tarihin yawancinsu, a wajen ƙarni na 3 Miladiyya, sunansa Diyojinis Layartiyas. Ban ma ambaci Diyojinis na Afoloniya ba, mai cewa iska ce asalin komai, ko Diyojinis na Oyinowanda, dattijon da ya sa aka sassaƙa koyarwar Afikuras a jikin bango mai tsawon mita wajen 80 a kudancin Turkiyya ta yau don masu wucewa su karanta.

Dalilin wannan cunkoso yana cikin yadda suke raɗa suna. Bagirke suna ɗaya yake da shi. Ba shi da sunan dangi da ake gada kamar Rumawa. Ana raɗa wa jariri suna a rana ta goma, da yanka da walima, kuma al'ada ita ce ɗan fari ya ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu sau da yawa ya ci na kakan wajen uwa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu da muke mayar da sunan mahaifi sannan mu sakaya da Abba ko Baffa. Wani attajirin gida a Atina ya yi zuriya bayan zuriya yana juya sunaye biyu kawai, Kaliyas ya haifi Hifonikus, Hifonikus ya haifi Kaliyas, har masana na yau sai da suka sa musu lamba. Ga kuma sunayen da aka ciro daga sunayen allolinsu, waɗanda kowane gari yake so. Zino daga Ziyus yake, Diyojinis ma'anarsa haifaffen Ziyus, Afoloniyas daga Afolo, Dimitiriyas daga Dimita, Diyonisiyas daga Diyonisus. Jami'ar Okusfod tana da wani aiki na tattara sunayen Girkawa daga duwatsu da kuɗaɗe da kaburbura, juzu'insa na farko ya fito a 1987, kuma waɗannan uku na ƙarshe suna cikin waɗanda suka fi kowane suna yawa a ciki.

To yaya suke bambancewa? A cikin gari, da sunan uba. A Atina, bayan gyaran da Kilistinis ya yi a 508 K.M. ya raba ƙasar gunduma-gunduma har 139, sai aka ƙara da sunan gunduma: Sukurat ɗan Sofroniskus na Alofeke, Firikilis ɗan Zantifus na Kolargos. In mutum ya bar garinsu kuwa, sai a kira shi da garin, kamar yadda za ka ji an ce Malam Musa Bakano ko Bazazzagi a Kumasi. Abin yana aiki yawancin lokaci. Misali, Tusididis biyu ne a Atina a zamani ɗaya, kuma duk su biyun an kore su daga gari. Ɗan Milisiyas ɗan siyasa ne abokin hamayyar Firikilis, aka jefa masa ƙuri'ar kora ta shekara goma wajen 443 K.M. Ɗan Olorus kuwa kwamandan jiragen yaƙi ne da ya makara wajen ceton birnin Amfifolis a 424, ya yi shekara 20 a waje, a can ya zauna ya rubuta tarihin yaƙin Atina da Sifata. Sunan uba ya raba gardama.

Amma akwai ranar da tsarin ya gaza, har aka je kotu, kuma jawabin mai ƙara yana hannunmu domin Dimostinis, shahararren mai jawabi na Atina, ne ya rubuta masa, wajen 348 K.M. Wani ɗan siyasa mai suna Mantiyas na Torikos yana da ɗa da matarsa, ya raɗa masa sunan mahaifinsa, Mantitiyus. Yana kuma da alaƙa da wata mace mai suna Filangon, wadda ta tilasta masa ta hanyar rantsuwa ya karɓi 'ya'yanta maza biyu a matsayin nasa. Ya rubuta babban a rajistar dangi da suna Boyotus. Sai Mantiyas ya mutu kafin a shigar da yaron rajistar gunduma, shi kuwa ya je da kansa ya rubuta Mantitiyus, bisa hujjar cewa shi ne babba, sunan kaka nasa ne. Aka wayi gari da mutum biyu masu suna Mantitiyus ɗan Mantiyas na Torikos, suna ɗaya, uba ɗaya, gunduma ɗaya. Ka saurari abin da mai ƙara, wato Mantitiyus na farko, yake gaya wa alƙalai. A Atina da ƙuri'ar sa'a ake fitar da 'yan majalisar 500 da yawancin muƙamai, to in sunan ya fito, wa zai shiga? In hukuma ta ɗora wa Mantitiyus nauyin wata hidima ta kuɗi, kowa zai ce ɗayan ake nufi. In an rubuta Mantitiyus cikin masu bashin gwamnati, ko cikin waɗanda suka ƙi fita yaƙi, wa za a kama? Ya ce abin ma ya riga ya faru, domin da aka zaɓe shi kwamandan rundunar ƙabilarsu, ɗan'uwan nasa ne ya tashi ya tafi wurin tantancewa. Da wannan hujja duka, alamu sun nuna bai ci shari'ar ba, ɗan'uwan ya ci gaba da amsa sunan.

Su kansu malaman da can sun san matsalar. A ƙarni na 1 K.M. wani Dimitiriyas na Maganisiya ya rubuta littafi sukutum a kan mawaƙa da marubuta masu suna ɗaya. Littafin ya ɓace, amma Diyojinis Layartiyas ya ɗebo daga cikinsa, shi ya sa in ya gama tarihin mutum yakan rufe da jerin takwarorinsa. A wurinsa Zino takwas ne, Aristotal takwas, Zinofon bakwai, Hiraklidis 14, Dimitiriyas kuwa har 20. Ka ga mai littafin takwarori shi kansa yana da takwarori fiye da kowa.

Inda abin ya yi ɓarna ta gaske, a nawa ganin, ba a kan irin su Zino ba ne. Su biyun kowanne yana da labarinsa da garinsa da almajiransa, in ka ɗan natsu za ka raba su. Ɓarnar tana faruwa ne idan aka samu mutum mai babban littafi amma ba a san rayuwarsa ba, ga kuma takwaransa da aka san rayuwarsa amma littafinsa bai iso ba. Sai masu kwafe littattafai su ɗinke su su zama mutum ɗaya, domin zuciya ba ta son littafi marar fuska.

Haka aka yi wa Yuklid, wanda Larabawa suke kira Uƙlidis. Mai littafin handasa, wato lissafin siffofi da kusurwoyi, na juzu'i 13 ya yi aiki a Iskandariyya wajen 300 K.M., kuma kusan babu abin da aka sani game da shi. Ɗan abin da ake faɗa, har da amsar da ya ba sarki cewa handasa ba ta da wata hanya ta musamman don sarakuna, ya fito ne daga Furoklus, wanda ya rayu fiye da shekara 700 bayansa. Amma akwai wani Yuklid na Megara, almajirin Sukurat, wanda Aflatun ya lissafa cikin waɗanda suke wurin ranar da malamin ya sha guba a 399 K.M. Wannan yana da labarai masu daɗi. An ce lokacin da Atina ta hana mutanen Megara shiga garin, yakan sa kayan mata ya yi tafiyar dare don ya saurari Sukurat, ya koma kafin gari ya waye. Sai aka ɗauki wannan rayuwa aka liƙa wa mai handasa. Bugun farko na littafin, wanda aka yi a Benis a 1482, Yuklid na Megara ya kira marubucin. Fassarar Ingilishi ta farko a 1570 ita ma haka ta rubuta a bangonta. Sai a 1572 Komandino, wani masanin lissafi ɗan Italiya, ya fito da tasa fassarar ya nuna cewa lissafin shekaru ba ya ba da haka: wanda ya kai munzali a 399 ba zai zauna yana koyarwa a Iskandariyya ba, birnin da ba a ma kafa shi ba sai 331.

Na Batlamiyus ya fi wannan armashi, domin shi har rawani aka naɗa masa. Bayan mutuwar Iskandar a 323 K.M., ɗaya daga cikin kwamandojinsa, Batlamiyus ɗan Lagus, ya riƙe Masar, ya naɗa kansa sarki a 305, zuriyarsa ta yi mulki har zuwa 30 K.M. Kowane sarki namiji a gidan Batlamiyus ne. Lambobin da kake gani, na biyu, na takwas, na goma sha biyu, masana na baya ne suka sa. Su a zamaninsu da laƙabi ake raba su, kuma laƙabin iri biyu ne. Akwai na fada, irin su Mai Ceto, Mai Kyautatawa, Mai Son Uba. Akwai kuma wanda mutanen Iskandariyya suke raɗawa a kasuwa, su kuwa ba su da dama wajen baki: na takwas Mai Tumbi, na tara Ɗan Wake, na goma sha biyu Mai Sarewa. Matan gidan ma haka, Kiliyobatira bayan Kiliyobatira. Wadda duniya ta sani, 'yar Mai Sarewa, ita ake ƙirgawa ta bakwai. Shi Mai Tumbi ya auri Kiliyobatira 'yar'uwarsa, ya kuma auri 'yarta, ita ma Kiliyobatira, har takardun hukuma suka koma rubuta "Kiliyobatira 'yar'uwa" da "Kiliyobatira mata" don a san wadda ake nufi.

To sai ga wani Batlamiyus, Kalaudiyas Batlamiyus, masanin falaki, mai littafin da Larabawa suka fassara suka kira Almajisɗi, wanda ya zama madogarar ilimin taurari fiye da shekara dubu daga Bagadaza har Andalus. Ya zauna a Iskandariyya, sunansa Batlamiyus, ba a san komai game da iyayensa ba. Me ya rage? Abu Ma'ashar na Balkh, babban masanin taurari da ya rasu a 886, ya sa shi cikin sarakunan Masar da suka biyo bayan Iskandar, kuma masu zane a Turai suka yi ƙarnoni suna zana shi da kambin sarauta a ka, yana riƙe da na'urar auna taurari. Alhali littafin da kansa ya ƙaryata haka. Mutumin yana rubuta ranar da ya duba kowane tauraro da shekarar sarautar Hadiriyan da Antoninus, sarakunan Roma, kuma dube-dubensa sun faɗo tsakanin 127 da 141 Miladiyya, fiye da shekara 150 bayan gidan sarautar ya ƙare. Sunan Kalaudiyas ma na Rumawa ne, alamar cewa wani a gidansu ya samu zama ɗan ƙasar Roma. Malaman Larabci sun san wani Batlamiyus na uku, wanda ya rubuta tarihin Aristotal da jerin littattafansa, da suka ga ba sarki ba ne kuma ba mai Almajisɗi ba ne, sai suka sa masa Batlamiyus Algarib, wato baƙo. Wannan laƙabi ya fi kambin can gaskiya nesa ba kusa ba.

Sai dai in gargaɗe ka, sunan gari ma yana da nasa tarko. Ba kullum yake nuna mahaifa ba, wani lokaci inda mutum ya yi suna yake nunawa. Afoloniyas na Rodas, mawaƙin da ya shugabanci babban ɗakin karatu na Iskandariyya, mutumin Masar ne, zama ya yi a Rodas. Diyojinis na Babila a Salukiya aka haife shi, a bakin kogin Dijla. Wani lokaci kuma garuruwan ne suke kama da juna. Aristarkus na Samos shi ne ya ce duniya ce take kewaya rana, tun ƙarni na 3 K.M., har Kiliyantis magajin Zino ya ce ya kamata a gurfanar da shi don saɓo. Aristarkus na Samotiras kuwa ya zo bayansa da kusan ƙarni guda, aikinsa tace baitocin Homa, babban mawaƙin Girkawa. Hifokratis na Kos likita ne, shi ne Buƙraɗ na littattafan ɗibbu, Hifokratis na Kiyos masanin handasa ne, kuma sun yi zamani ɗaya. Kos da Kiyos, tsibirai biyu a teku ɗaya. Afoloniyas kam kada ma a fara: na Farga mai littafi kan yankan mazugi, wanda juzu'i uku daga cikinsa ba su tsira ba sai a fassarar Larabci ta Bagadaza, da na Tiyana mai yawon wa'azi da ake jingina wa abubuwan al'ajabi, wanda Larabawa suka sani da Balinas, da wani malamin nahawu da aka yi wa laƙabi da Mai Wuyar Sha'ani.

Abin da nake yi in na ci karo da suna a littafi shi ne in nemi garin, in nemi ƙarnin, sannan in duba su wa suke kewaye da mutumin. Na ukun nan ya fi sauran saurin fitar da kai. In ka ga Zino tare da Farmanidis, ko Aristotal yana mayar masa da martani a kan motsi, na Eliya ne, domin Aristotal ya rasu a 322 K.M., lokacin na Kitiyon yana yaro a Kubrus. In ka gan shi tare da Kiratis ko Kiliyantis, ko Sanika da Afiktitus, 'yan Sitowa na zamanin Rumawa, suna ambatonsa, na Kitiyon ne. In kuwa Sisaro ne yake cewa na ji shi da kunnena, to na Sidon ne.

Maganganun hikima da ake yaɗawa a intanet da sunan Zino kawai, ba gari ba zamani, yawancin waɗanda suke da asali na mutumin Kitiyon ne. Shi ne ya ce wa wani saurayi mai yawan surutu an ba mu kunne biyu da baki ɗaya ne don mu fi saurare a kan magana. Na Eliya ma yana da labarin kunne, amma nasa daban ne. An ce an kama shi cikin masu shirin kifar da azzalumin sarkin garinsu, aka matsa masa ya faɗi abokan shirinsa, sai ya ce akwai sirrin da ba zai faɗa ba sai a kunnen sarki. Da sarki ya sunkuyo, ya kafa masa haƙori a kunne, bai saki ba har aka kashe shi.